'Yarki Ta Gama Sakandare, Shin Ta Iya Riƙon Kuɗi?

Ina gaishe da masu saurarenmu na ko'ina, musamman na Jega da Aliero da Maiyama, domin da kayan garuruwanku zan yi misalan maganar yau. Uwargida, in kina bakin murhu ki ɗan rage wuta, in kina ɗinki ki ɗan sassauta keke, ki ba ni aron hankalinki.

Tambaya ɗaya na zo da ita. Yarinya ta yi shekara 6 a firamare, ta yi 6 a sakandare, ta rubuta WAEC da NECO, ta dawo gida da takardar shaida. Madalla. To, in kika ɗauki naira 50,000 kika ba ta kika ce ta juya, bayan wata uku za ta iya zama ta gaya miki nawa ne uwar kuɗi, nawa ne riba, nawa ne ke hannun mutane? In wani ya kira ta a waya ya ce daga banki yake, ta san abin da ba a faɗa masa? In aka miƙo mata takardar bashi, za ta iya lissafa abin da za ta biya kafin ta sa hannu? Idan amsar a'a ce, to akwai darasin da ya kamata a ce makaranta ta ba ta, amma ba ta ba ta ba. Abin da nake kira gare shi a yau shi ne, ilimin riƙon kuɗi ya zama dole a makarantun sakandarenmu na gwamnati, da lokacinsa a jadawali, da jarrabawarsa, yadda ba ɗalibar da za ta fita ba ta bi ta kansa ba.

Garuruwan nan namu ba baƙin ciniki ba ne. Tun zamanin da ake saye da sayarwa da wuri kasuwar Jega ta yi suna, fatake na zuwa daga nesa, kuma har gobe mahaɗa ce: hanyar Sakkwato, da ta Birnin Kebbi, da wadda ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, duk a nan suke gamuwa. Aliero kuwa in ana maganar albasa a ƙasar nan ba a tsallake sunanta, manyan motoci na yin lodi suna nufar kudu. Maiyama ga gero ga dawa ga shinkafa. Mu mata kuma muna cikin gida muna namu: mai turara shinkafa, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai fura, mai awara, mai kiwon awaki, ga adashi ana zubawa. Yarinya 'yar shekara goma a garuruwan nan ta iya ba da canji, ta iya tayi, ta san mai cin bashi ya hana. Ba za a ce ba ta san kuɗi ba.

Sai dai kuɗin ne ya sake kama. Kakanninmu sun yi zamani da fam da sule da sisi da taro, har zuwa 1973 da aka kawo naira da kwabo. A wancan lokaci kuɗi abu ne da ake riƙewa a hannu, a ƙulle a bakin zane ko a jefa a asusu. Yau rabin kuɗin lamba ce a cikin waya. Kin tuna farkon shekarar 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000? Mata da yawa a lokacin suka fara jin ana cewa a tura ta waya, a je wurin mai POS, a jira saƙo ya shigo. Wadda ba ta iya karanta saƙon ba, sai ta miƙa wa wani wayarta ya duba mata, wata har da lambar sirrinta. Irin wannan ilimi uwa ba ta gada daga uwarta ba, balle ta koya wa 'yarta. Shi ya sa dole makaranta ta shigo.

Wata za ta ce, ai ana koyar da su. E, ana taɓawa. A ƙaramar sakandare akwai darasin kasuwanci. A babbar sakandare akwai tattalin arziki da kasuwanci da lissafin akanta, amma zaɓi ne, yarinyar da ta bi ɓangaren kimiyya tana iya gamawa ba ta zauna a ajin akanta ko sau ɗaya ba. Kuma akasarin abin da ke ciki lissafin kamfani ne da na gwamnati, ba na jakarta ba. A 2011 gwamnatin tarayya ta shigo da darussan sana'a guda 34 a babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya, a 2025 kuma aka sake fasalin manhajar aka rage su zuwa shida. Koyon sana'a abu ne mai kyau. Amma mace nawa kika sani da ta iya ɗinki ƙwarai, kuma kullum jarinta na karyewa? Iya sana'a daban, iya riƙon kuɗin sana'a daban.

Babban Bankin Najeriya ma ya ga wannan giɓi. A 2012 ya fito da tsarin shigar da talakawa cikin harkar banki, sannan ya haɗa hannu da hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, wato NERDC, suka shirya manhajar ilimin kuɗi da za a cusa cikin darussan da ake da su. Duk watan Maris kuma ma'aikatan bankuna kan ziyarci wasu makarantu su yi wa ɗalibai lacca kan tanadi. An gode musu. Amma ke manomiya ce ko 'yar manomi, kin san yayyafi ɗaya ba ya fid da shuka. Kuma duk wadda ta taɓa koyarwa ta sani, abin da aka cusa cikin wani darasi, ba shi da lokacinsa, ba a jarrabawa a kansa, shi ake fara tsallakewa in zango ya ƙure.

Ba mu kaɗai muke wannan tunani ba. A Amurka kowace jiha ita ke tsara sharuɗɗan kammala sakandarenta. Jihar Yuta ce ta fara cewa daga 'yan ajin 2008 ba mai karɓar takardar kammalawa sai ya ci darasin riƙon kuɗi. Fulorida ta yi irin wannan doka a 2022, Kalifoniya ta yi a 2024, kuma yanzu fiye da rabin jihohin ƙasar 50 sun bi sahu, yawanci darasi ne na rabin shekara. A Ingila tun 2014 aka sa ilimin kuɗi cikin manhajar sakandare ta ƙasa. Ban kawo waɗannan don mu kwaikwaye su ido rufe ba. Su damuwarsu katin cin bashi da rancen karatun jami'a, mu kuwa damuwarmu albasa da adashi da kayan ɗaki. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: sun gane cewa abin da ba a wajabta ba, 'ya'yan masu hali ne kawai ke samun sa a gida, na talaka su tashi babu. A ƙasarmu harkar ilimi ta tarayya ce da jihohi tare, saboda haka ma'aikatar ilimi da majalisar dokoki da ke Birnin Kebbi suna da ta cewa a kan abin da ake koyarwa a makarantun jiha.

To, me za a koya a wannan darasi? Abubuwa biyar ne, ki ƙirga da yatsunki. Alƙaluman da zan kawo a misalan sana'a na kwatance ne kawai, ke kin fi ni sanin farashin kasuwarku ta wannan mako.

Na farko, raba uwar kuɗi da riba. A ɗauka kina awara. Waken suya na naira 3,000, niƙa 400, mai 1,500, itace 600, yaji da gishiri da leda 500. Jarinki ya zama 6,000 ke nan. Awarar da ta fito ta 7,500 ce, ribarki 1,500. Amma yara sun ci ta 400, maƙwabta sun ɗauki ta 600 bashi. Da yamma kuɗin da ke cikin kwano 6,500 ne, wato 500 kacal ya hau kan jari. In kuwa kina zubin adashin 1,000 kullum, to kowace rana kina gutsurar 500 daga uwar kuɗi ba ki sani ba. Kafin mako biyu jari ya tafi, a ce sana'ar ba ta da albarka, ko a ce baki ne. Ba baki ba ne, 'yar uwa, rashin rubutu ne. Yarinyar da aka koya wa ta ja layi huɗu a littafi, abin da aka saya, abin da aka sayar, abin da aka ba da bashi, abin da aka ci a gida, tun rana ta uku za ta ga inda ruwa ke zuba.

Na biyu, lissafin ajiya da asara. Mutanen Aliero ba sa bukatar a gaya musu cewa albasa na araha a lokacin cira, ta yi tsada bayan damina zuwa ƙarshen shekara. Shi ya sa ake ajiye ta a rudu. A ɗauka kin sayi buhu 10 a kan 20,000 kowanne, 200,000 ke nan. Bayan watanni buhu ya kai 45,000. Mai gaggawa za ta ce ta ci ribar 250,000. Amma albasa na ruɓewa, tana kuma ramewa. In aka zo tsincewa aka tarar buhu 7 ya rage, kuɗinsu 315,000. Ki cire kuɗin ajiya, da na masu tsinta, da buhuna, da dako, da la'adar dillali, a ce 30,000. Abin da ya rage a kan jarinki 85,000 ne. Riba ce, alhamdu lillahi, amma ina 85,000 ina 250,000? Wadda ta ci bashi ta sayi albasar tana dogaro da lissafin farko, ita ce za ta kwana ba barci. Wannan fa shi ne lissafin kashi cikin ɗari da ake yi musu a allo, sai dai ba a taɓa haɗa musu shi da buhun albasa ba.

Na uku, sanin cewa kuɗin da ke kwance ramewa yake. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa a harshen kasuwa ita ce, cefanen da ake yi da 10,000 a Disamban 2023, a Disamban 2024 sai da kusan 13,500. Wadda ta jefa 10,000 a asusu ta fasa bayan shekara, takardunta suna nan cif, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za su iya saye ya tafi. Iyayenmu sun san wannan tun ba a ba shi suna ba, shi ya sa suke mai da kuɗi akuya ko tunkiya, ko su sayi ɗan rago su yi kiwo har Babbar Salla. Sai a koya wa yarinya ta auna kowace hanya da amfaninta da haɗarinta. Dabba na haihuwa, tana kuma mutuwa ko a sace ta. Adashi na tilasta tanadi, amma mai kwasar farko ta fi mai kwasar ƙarshe morewa in farashi na tashi, kuma in uwar adashi ba ta rubutu, rigima na nan tafe. Banki na tsare kuɗi daga gobara da ɓarawo, kuma akwai hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, wadda tun 2024 take lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa masu lasisi, in bankin ya durƙushe. Wannan lamuni bai shafi kowane mai shago da ya buɗe ofis ya ce a kawo ajiya ba. Ya kamata 'yarki ta san bambancin.

Na huɗu, bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba cewa za a yi kada ta taɓa ci ba. Koya mata za a yi ta tambayi abu uku kafin ta karɓa: nawa zan mayar gaba ɗaya, yaushe, kuma me zai faru in na kasa? Mai ba da rance zai ce miki kashi biyar ne kacal. Biyar a wata ko a shekara? In a wata ne, 100,000 na jawo 5,000 duk wata, a shekara 60,000 ke nan a kan uwar kuɗi. Ga kuma masu ba da bashi ta waya, da sukan bi lambobin da ke cikin wayar mutum suna tona masa asiri in ya makara. Mu da addininmu ya haramta riba, dole yarinya ta iya gane kuɗin ruwa ko da an sake masa suna, ta kuma san akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sannan ta san bashi bashi ne, ko na gwamnati ne. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Banki a nan jihar Kebbi, manoman shinkafa da yawa suka amfana. Da lokacin biya ya zo an sha fama a jihohi da dama. Wasu ambaliya ce ta cinye gonakinsu, kamar wadda aka yi a 2020, wasu kuwa tun farko sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati. Kuma kada mu manta, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa sai mu ce kunya ba za ta bari mu rubuta tsakaninmu da 'yar uwa ba, daga baya zumunci ya lalace a kan abin da rabin takarda zai tsare.

Na biyar, gane damfara da tsare sirrin asusu. Kin tuna MMM, da ya yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ya rufe asusun mutane a Disamban 2016? A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya sake tafiya da kuɗin jama'a. Suna ne ke sauyawa, dabarar ɗaya ce: da kuɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan waɗanda suka shigo jiya, ranar da sababbi suka ragu sai a nemi masu abin a rasa. Ɗalibar da ta iya lissafi za ta zauna ta ninka. Kashi 30 duk wata, in ana mayar da ribar ciki, naira 10,000 za ta haura 230,000 a shekara ɗaya. Sai ta tambayi kanta, wace sana'a ce a Jega ko a Legas ke haihuwa haka? Kwaɗayi mabuɗin wahala. Haka kuma a koya mata cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa, ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Lambar BVN, mai alƙaluma 11, ba a karanta wa baƙo a waya. In ta je wurin mai POS ita za ta danna lambarta da hannunta, ta kare da ɗaya hannun, ta karɓi rasit. In mai saye ya ce ya turo kuɗi, kada ta saki kaya don ya nuna mata fuskar wayarsa, sai ta ga kuɗin a cikin nata asusun.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abin saurare ce. Malamai za su ce darussa sun yi yawa, ga ƙarancin malamai. Gaskiya ne. Amma ba sabon gini ake nema ba, ba ɗakin gwaje-gwaje ba. Darasi ɗaya ne a mako, da allo da littafin rubutu. Malamin lissafi da na kasuwanci suna nan, horo kawai suke bukata, kuma muna da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, muna da jami'ar kimiyya da fasaha da jiha ta kafa a Aliero a 2006. Ba za a rasa inda za a tara malamai a lokacin hutu ba. Ga kuma shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Kebbi na cikin jihohi bakwai na farko, kuma a cikinsa akwai koyar da dabarun zaman duniya da tallafin kuɗi ga iyaye marasa ƙarfi. Inda ake ba da kuɗi don yarinya, ai nan ya fi dacewa a koya mata riƙonsu. Sannan malaman wannan darasi ba a ofis kaɗai suke ba. A gayyato dillalin albasa, da uwar adashin da ta shekara ashirin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, da mai turara shinkafa, su zo aji ɗalibai su yi musu tambayoyi. A yi bayani da Hausa inda Turanci ya tsaya. Kuma a fara tun daga aji uku na ƙaramar sakandare, domin mun sani 'yan mata da yawa a nan karatunsu ke tsayawa.

Wasu iyaye maza kuma za su ce, yarinya in ta san kuɗi idonta zai buɗe, ta raina miji. Malam, da girmamawa, wadda ta san wahalar naira ita ce ke tausayin mai nemo ta. Matar da ta iya lissafi ita ce za ta sa buhun gero ya kai inda aka yi niyya, ita ce ba za ta tayar da hankalin gida a kan ankon biki ba alhali kuɗin makarantar yara na jira. Uwar Muminai Nana Khadija 'yar kasuwa ce mai dukiyarta. Shari'a ta ba mace sadakinta, nata ne. Ta ba ta gadonta: matar mamaci na da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. Ta ɗora mata zakka in dukiyarta ta kai nisabi ta shekara, ɗaya bisa arba'in a kuɗi da kayan ciniki. Ta yaya za ta karɓi haƙƙinta, ta yaya za ta fitar da na Allah, in ba ta iya lissafi ba? Marayu da zawarawa nawa ne gonarsu ko kuɗinsu ya narke a hannun wani don an ce ba su iya riƙo ba? Ai a Suratun Nisa'i an umarci masu riƙon marayu su jarraba su, in sun ga sun yi hankalin riƙon dukiya su miƙa musu abinsu. Ashe ke nan riƙon dukiya abu ne da ake koyarwa har a jarraba. Kuma abin da na faɗa a kan 'ya mace, ɗa namiji ma na bukatarsa, domin shi ne gobe zai riƙe gidan 'yar wata.

Saura naki aikin, uwargida. Ranar taron iyaye da malamai kada ki ce na maza ne. Ki je, ko ki haɗa kai da ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, ku tambayi shugaban makaranta cikin ladabi: a wane darasi ake koya wa 'ya'yanmu tanadi da bashi da harkar banki, wane malami ke yi, kuma ana jarraba su a kai? In babu, ku roƙi a fara, ku sa kwamitin kula da makaranta ya rubuta wa ofishin ilimi na shiyya. In ɗan majalisarku na jiha ya zo gida, ku gaya masa kuna son a wajabta wannan darasi. Makaranta ɗaya in ta yi magana ana iya mantawa, amma in ta Jega ta yi, ta Aliero ta yi, ta Maiyama ta yi, za a ji a Birnin Kebbi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin nan kuma ki fara a ɗakinki. Ki sayi littafin rubutu guda ɗaya ki ba 'yarki, ki ce daga gobe ita ce akawun sana'arki na wata ɗaya. Kowace yamma bayan ta dawo daga makaranta ta ci abinci, ku zauna minti goma, ke kina faɗa tana rubutawa a layukan nan huɗu. Ko ba ki yi boko ba, lissafin yana kanki, rubutun yana hannunta, kun ga kun haɗu kun cika. Ranar da wata ya ƙare ku tara ku gani. Amma ki ji ni da kyau, ban ce a cire ta daga aji a ɗora mata tallan safe da sunan koyon kuɗi ba. Ribar tallan yau ba ta kai asarar darasin yau ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinyar da ta saba rubuta naira ɗari, ba za ta ruɗe ba ranar da aka damƙa mata dubu ɗari.

Mukan kwashe shekaru muna tara wa 'ya'yanmu kayan ɗaki, gado da katifa da kwanuka da kujeru, wata har ta ci bashi don kada a yi mata dariya. Duk waɗannan suna tsufa, wasu a sayar da su ranar da gari ya yi zafi. Iya riƙon kuɗi kuwa kaya ne da za ta shiga da shi ɗakinta, ba ya tsufa, ba mai raba ta da shi, kuma 'ya'yanta za su gada.

A nan zan dakata, lokaci ya yi halinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya raba mu da bashin da ba mu iya biya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya, wassalamu alaikum.